Ƙeya Ɗari Uku

Duk wanda ya taɓa zama a kujerarsa ya san dalilin da ya sa ake ce masa Lamba Biyu. Za ka shigo shagon da hoton wani ɗan ƙwallo a wayarka, ka nuna masa, ka ce a rage nan, a bar nan, a ja layi a can. Zai saurare ka yana gyaɗa kai, har ya ce, "Na gane, ranka ya daɗe." Daga nan sai ya ɗaura maka ƙyalle a wuya, ya maƙala wa injin askinsa baki mai lamba biyu, ya bi kan nan tas daga goshi har ƙeya. In ka yi magana, ya ce ai shi ya fi dacewa da siffar kanka. Abin haushin kuma, sau da yawa gaskiyarsa ce.

Shekara goma sha tara ke nan yana wannan ta'asa a shago ɗaya, tsakanin mai gyaran waya da mai wanki da guga. Kujerar askinsa ɗaya ce, sai an taka ta sau uku take ɗagawa. Akwai benci na masu jira, da babban madubi da ya tsage a kusurwa, da wata fanka wadda aikinta shi ne ta kwashi gashin wanda ake yi wa aski ta raba wa na kan benci. Mutum ne mai tsafta, mai surutu, mai son a yabe shi, kuma ba ya ɓoye ko ɗaya daga cikin ukun.

'Ya'yansa uku. Babban, wanda kowa ke ce wa Yaya, ya kai shekarun da yake ganin ubansa bai iya aski ba. Auta ɗan shekara huɗu ne, shi ke mulkin gidan. Sai ta tsakiya, 'yar shekara goma sha ɗaya, yarinyar da ba ta fasa kofi, ba ta kawo ƙara, ba ta neman abu sau biyu. In aka tambayi Lamba Biyu labarinta, sai ya ce, "Ai wannan ba ta da matsala," ya wuce zuwa labarin Auta.

Shi ya sa da malamar lissafi ta aiko a kira shi, ya tafi yana tunanin an yi kuskuren gida ne.

Malamar ba ta ɓata lokaci ba. Ta buɗe masa takardun jarrabawa uku, duk jan biro. Ta ce 'yarsa ta tsaya cak a kan reshiyo, wato a ba ka abu biyu ka faɗi nawa ne wannan a kan kowane ɗaya na wancan. Ta ce saura mako uku a rufe zango. Yaran da ke baya ta ba su dama ta ƙarshe: kowa ya samo lambobi na gaskiya daga rayuwarsa, ya tsaya gaban aji ya kwatanta su, ya amsa tambayoyinta. Iyaye ma suna iya zuwa kallo.

"In ba ta iya ba fa, Malama?"

"Za ta maimaita aji, Malam. Ba yadda zan yi."

Ya fito daga makarantar ya kama hanyar shago. Akwai abin da bai taɓa faɗa wa 'ya'yansa ba. Shi ma lissafi ne ya kayar da shi a aji biyar, aka zaunar da shi benci ɗaya da ƙaninsa. Wata biyu ya daure yana jin ƙanin nan yana ɗaga hannu yana amsa abin da shi ya kasa, daga nan ya daina zuwa, ya koma shagon kawunsa yana share gashi. Askin ya rufa masa asiri, ba ya raina shi. Amma har yau in ya tuna bencin nan sai ya ji kunya ta taso masa kamar jiya aka yi. Tun a hanya ya sha alwashin 'yarsa ba za ta zauna a irin bencin ba.

Alwashi daban, iyawa daban. Da yamma ya ce ta kawo littafinta shago. Suka buɗe, suka tarar da wani manomi mai awaki goma sha biyu da tumaki goma sha takwas, ana tambayar reshiyonsu. Lamba Biyu ya karanta sau uku. Ya tambayi ko awakin duk na manomin ne ko kiwo aka ba shi. Ya ce mutumin da ke da tumaki har sha takwas me zai hana ya ƙirga abinsa da kansa. Yarinyar ta zuba masa ido. Kwana biyu suka yi a kan manomin nan, ba abin da ya ƙaru sai tsanar da Lamba Biyu ya ɗora masa.

Ceton ya zo ne daga inda bai zata ba, wato daga shagon tsallake. Wani matashi ne ya buɗe wurin aski daidai gabansa, da fitilu masu launi da kiɗa, 'yan layin suka sa masa suna Mai Fitila. A taswirar waya, inda mutane ke ba shaguna taurari suna rubuta ra'ayinsu, shagunan biyu suna nan kafaɗa da kafaɗa. Lamba Biyu yana leƙa wurin kamar mai sosa gyambo. Mutum goma ne suka yi ƙorafi a kansa, kuma kamar sun haɗa baki, duk maganarsu ɗaya: komai ka ce ya yi maka, lamba biyu zai sa maka. Mai Fitila kuwa ƙorafi uku kacal gare shi, kuma ya tabbatar duk layin sun sani.

Ranar nan littafin yana buɗe a kan benci, shi yana ta huci a kan wayar.

"Goma da uku! To ai ni mutum ɗari biyu ne suka yi magana a kaina. Shi nawa? Sha biyar! Yaushe aka haife shi a sana'ar?"

Sai ya tsaya. Ya dubi wayar, ya dubi littafin, ya sake duban wayar.

"Ke, zo nan. Ɗauko min tsinken nan na goge kunne."

Ya zube kwalin a kan teburin madubi. Suka jera tsinke ɗari biyu, aikin da ya ci rabin sa'a da kwastoma ɗaya da ya gaji ya tafi. Ya ce ta raba su gida goma, kowane mai ƙorafi a ba shi gidansa. Kowane gida ya tashi da ashirin. Suka jera sha biyar na Mai Fitila, ta raba gida uku, kowane ya tashi da biyar.

"Me kika gani?"

Ta bi gidajen tsinken da yatsa tana sake ƙirgawa. Sannan a hankali ta ce, "Kai sai mutum ashirin sun zauna ake samun ɗaya da ya ji haushi. Shi kuma mutum biyar."

Lamba Biyu ya yi wata kabbara da ta sa mai wanki da guga ya leƙo da dutsen guga a hannu. Ba a san wanne ya fi faranta masa rai ba, fahimtar 'yarsa ko faɗuwar Mai Fitila. Ya tsallaka titi da ƙyallen aski a kafaɗa ya je ya yi wa matashin bayani. Mai Fitila ya rage kiɗa, ya saurara, ya ce, "Baba, ni dai uku na gani, kai kuma goma," ya mayar da kiɗansa. Lamba Biyu ya dawo yana cewa wannan ma da za a bincika, aji biyar ya tsaya.

Daga ranar aka rufe littafin manomi, waya ta zama allo. Lamba Biyu ya samu tambaya guda ya riƙe ta kamar yadda ya riƙe lamba biyu: "Cikin nawa?" In aka ce bidiyon wani mai barkwanci mutum dubu sun yaba, sai ya ce cikin nawa da suka kalla. Taswira ta ce bas zai kai ka asibiti a minti goma, ƙafa a minti arba'in, sai ya sa ta faɗi tafiyar bas nawa za a yi kafin mai ƙafa ya isa. Hasashen yanayi ya nuna ruwa kwana shida a cikin talatin, su zauna su ƙanƙance shi har ya koma ɗaya cikin biyar. Ya koya mata kuma abin da shi kansa ya gano a hanya, cewa ba a haɗa abin da bai yi kama ba. Ba a gwada ƙwallayen ɗan wasan da ya buga wasa talatin da na wanda ya buga shida, sai an fara daidaita su.

Gidan ya shiga uku. Matarsa ta ce mutum ɗari sun yaba wani girki da ta gani a waya, ya ce cikin nawa, ta ce in ya sake tambayarta cikin nawa, shi zai shiga kicin. Yaya ya ce rabin ajinsu a shagon tsallake suke aski, ya ce cikin nawa, Yaya ya ce ai ya riga ya ce rabi. Kwastomomi ne suka fi shan wahala. Mutum yana kwance, reza a maƙogwaronsa, sai ya ji an ce, "Yallaɓai, sha biyu bisa sha takwas, ƙanƙance min." Wani tsohon direba ya ce tun da ya bar makaranta bai taɓa lissafi da sauri irin na ranar ba.

A mako na biyu aka yi ɓarna. Yana yi wa wani ango aski, yana kuma juyowa yana gyara wa yarinyar rabawa, bai lura bakin injin ya faɗi ba. Ya ja masa hanya fes tun daga kunne har tsakiyar ka. Ba abin da ya rage sai a kwashe duka. Angon ya fita da kai kamar ƙwai, kafin ya kai bakin titi ƙorafi na goma sha ɗaya ya hau taswira, kuma wannan karon ba maganar lamba biyu ba ce.

Lamba Biyu ya zauna a kujerarsa ya dafe kai. Sai ya ji murya daga benci.

"Baba, yanzu sha ɗaya ne cikin ɗari biyu da ɗaya. Bai rabu daidai ba." Ta ɗan yi rubutu a bayan littafi. "In kana so ya koma ɗaya cikin ashirin, sai an samu mutum sha tara a jere ba wanda ya yi fushi."

Ba wanda ya tambaye ta. Ba tsinke a gabanta. Ya ƙura mata ido, sai ya ji wani daɗi ya cika masa ƙirji har ya manta da angon. Ya ce a ransa, wannan yarinya ta tsallake.

Saura kwana huɗu ta nemi aron wayarsa, ta ce za ta shirya abin da za ta gabatar. Ya miƙa mata baki har kunne. Bai tambayi me za ta ɗauka ba, don ya riga ya sani. Me kuwa za ta kai gaban aji in ba labarin taurarin nan ba? Za a ji sunan shagonsa a makaranta, za a ji yadda aka kayar da Mai Fitila da lissafi. Ya ga tana ta shafa wayar tana ja ƙananan layuka a takarda, ya ce wa matarsa kada kowa ya dame ta, aiki take.

Ranar gabatarwar ya rufe shago, abin da bai yi ba ko ranar da ya yi zazzaɓi. Ya sa rigarsa mai kyau, ya fesa turaren kwastomomi, ya zauna a bayan aji cikin iyaye a kan wata 'yar kujera da gwiwoyinsa suka kusa taɓa haɓarsa. Yara biyu suka riga ta. Ɗaya ya kwatanta zafin garuruwa, ya rikice a tsakiya. Lamba Biyu ya ji tausayin uban yaron, tausayin wanda ya san tasa ta fi.

Aka kira ta. Ta ɗauki alli, muryarta ƙasa-ƙasa amma ba ta rawa.

"Babana mai aski ne. Yana da shafi a intanet, shekara huɗu da buɗewa. In ya gama wa mutum aski, yakan ce ya juya, ya ɗauki hoton ƙeyarsa ya sa a shafin. Wani lokaci kuma yana sa hotunanmu na gida. Na ƙirga su duka."

Lamba Biyu ya ɗan gyara zama. Ba wannan ya zata ba, amma talla talla ce.

Ta rubuta a allo: ƙeya, dubu ɗaya da ɗari biyu. Iyaye suka yi ƙus-ƙus, wani ya juyo ya dube shi da girmamawa, shi kuma ya gyaɗa kai kamar wanda aka naɗa. Ta ci gaba: Auta, sittin. Yaya, ashirin. Ni, huɗu.

"To in aka raba, a kan kowane hotona ɗaya akwai na Yaya biyar, akwai na Auta sha biyar, akwai ƙeya ɗari uku."

Ajin ya fashe da dariya. Yara suna bubbuga tebur, iyaye suna rufe baki. Lamba Biyu ma ya yi dariyar, don kowa shi yake kallo, amma ya ji tana fita ne kawai daga haƙora.

Malama ta ɗaga hannu aka yi shiru. Ta ce, "Lissafin daidai ne. Amma kwatancen fa? 'Yan'uwanki maza ne, a shagon ake musu aski. Dole hotunansu su fi yawa. Ba ki haɗa abin da bai yi kama ba?"

Lamba Biyu ya ji kamar an miƙo masa ruwa. Ai kuwa gaskiya ne, ya ce a ransa, Allah ya saka wa Malama.

"Na duba wannan, Malama," in ji yarinyar. "Babana ya ce ba a haɗa abin da bai yi kama ba. Duk hoton da aka ɗauke su a kujerar aski, na sa shi a cikin ƙeya. Waɗannan na gida ne kawai." Ta ɗan yi jim, kamar mai son kada ta ɓoye komai. "Nawa ma huɗun, ɗaya hannuna ne kawai ya fito ina riƙe da Auta. Amma na ƙirga shi."

Wannan karon yara ne kawai suka yi dariya. Malama ta daɗe tana kallon allon. Sannan ta yi rubutu a takardarta, ta ce, "Kin wuce. Je ki zauna." Ba ta dubi bayan aji ba, kuma Lamba Biyu ya gode mata da hakan.

Abin da ya nema ya samu. 'Yarsa ba za ta zauna a bencin da ya zauna ba, kuma shi ne ya tsallakar da ita, da hannunsa da wayarsa. Ya kamata ya fito yana tsalle. Ya fito yana neman inda zai sa idonsa. Ya yi ta juya lambobin nan a kansa ko zai sami inda ta yi kuskure, ya tarar ya koya mata da kyau.

A bakin ƙofar makaranta ta iske shi, fuskarta fal murna.

"Baba, na wuce."

"Kin wuce. Allah ya yi miki albarka." Ya yi gyaran murya. "Amma me ya sa ba ki kawo na taurarin nan ba? Namu da Mai Fitila?"

"Ai tun da angon nan ya rubuta nasa ya daina rabuwa daidai. Wannan kuwa duk sun rabu, ba saura."

Ya leƙa fuskarta yana neman fushi ko gori, bai samu ba. Da ya samu, da ya fi masa sauƙi. Ita a wurinta lambobi ne masu kyau da suka rabu tsaf, abu ne da ta daɗe da sani, yau dai ta samu hanyar rubuta shi.

Ya zaro wayar. "Tsaya a jikin bangon can, inda haske yake."

Ta je ta tsaya, ta gyara jakarta. Ya ɗaga wayar, kafin ya ankara bakinsa ya riga shi, ya faɗi abin da ya saba faɗa sau dubu da ɗari biyu.

"Ɗan juya."

Ta juya ba musu. Ta ba shi baya, har da ɗan sunkuyar da kai yadda ta ga kwastomomi suna yi. Ya tsaya yana kallon 'yar siririyar ƙeyar nan a fuskar wayar.

"A'a," ya ce. "Juyo nan. Ni za ki kalla."

Ta juyo. Ta ɗaga ido sama kaɗan, leɓunanta suna motsi, sannan ta yi murmushi.

"Baba, in ka sa wannan sun zama biyar. Ƙeya ɗari biyu da arba'in ke nan a kan kowane ɗaya. Shi ma ya rabu."

Lamba Biyu, wanda hannunsa bai taɓa rawa da reza a wuyan mutum ba, sai da ya riƙe wayar da hannu biyu.